Wurin Kewayawa

Gwaggona ta shekara goma sha tara tana wanke banɗakin mata a kasuwarmu. Ƙanwar mahaifina ce, gajera, mai kaifin baki, kuma tun da mijinta ya rasu ba ta da wata sana'a sai wannan. Ni ɗinki nake yi a layin teloli. Shagona taku ashirin ne daga ƙofar banɗakin, don haka duk abin da take shaƙa ni ma ina samun rabona.

Ramuka uku ne, matan kasuwa kuwa sun haura ɗari huɗu. Ɗaya ya tsage tun bara waccan, ɗaya ba shi da ƙofa sai buhu da aka rataye. Da damina ta sauka su cika su tumbatsa, tsutsotsi su hau bango, Gwaggo ta ɗaura leda a ƙafa ta shiga da bokiti. Tafin ƙafarta duk ya tsattsage, ƙaiƙayi ba ya barinta sakat. Na sha ganin ta ɗauko abinci ta kasa kaiwa baki. Ba ta taɓa neman a canza mata aiki ba. Abu ɗaya take roƙo, a haƙa sababbin ramuka kafin ruwa ya dawo.

Sai aka ce hukumar kasuwa ta samu tallafin gyara, ta ɗauko manajan aiki. Muka sa masa Mai Allo, don duk inda za shi da farin allo a bayan motarsa. Ya kafa shi a ofishin kasuwa ya raba gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Ya bi shi da 'yan takardu masu launi yana ta liƙawa. Sannan ya tara mu ya ce, "Ba za mu aza bulo ko ɗaya ba sai mun fahimci bukatarku. Ku ne masu aikin." Har tafi muka yi masa, Allah ya yafe mana.

Gwaggo ce ta share ofishin ranar taron. Da ta gama ta raɓa gefen benci, sai sakataren kasuwa ya matso ya yi ƙasa da murya: "Inna, ko za ki ɗan jira a waje? Akwai baƙi." Ta dubi zanenta, ta dube shi, ta fita. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan nan ma'aikatansa, maza biyu, suka bi shago-shago da kwamfutar hannu suna tambayar abin da muka fi bukata. Wace mace ce za ta dubi baƙon namiji ta ce masa masai? Kowacce ta sunkuyar da kai ta ce, "A gyara mana wurin kewayawa." Ni ma haka na ce.

Bayan mako biyu na leƙa ofis. A saman allo an rubuta, Manufa ta ɗaya: hanyar kewaya kasuwa.

Na ce wa Mai Allo, "Ranka ya daɗe, ba hanya muke nufi ba fa. Banɗaki muke nufi."

Bai ko ɗago kai ba. "Hajiya, an rufe matakin tattara bayanai. Abin da kuka faɗa shi muka rubuta."

Gwaggo ta je da ƙafarta. Ya saurare ta da hankici a hanci, ya miƙa mata 'yar takarda ruwan ɗorawa ya ce ta rubuta kokenta. Ba ta iya rubutu ba, ni na rubuta mata. Ya liƙa a can ƙasan allo, inda ya ce wurin abubuwan nan gaba ne. Washegari takardar ta faɗo, kuma Gwaggo ce ta share ta da hannunta.

Aka shimfiɗa hanya, ta bulo mai ado, da fenti fari da baƙi a gefe. Ta yi kyau a hoto, wannan kam ba ƙarya. Ruwan farko ya sauka saura kwana biyu a buɗe ta, ramin da ya tsage ya amayo abin da ke cikinsa har bakin shagona.

Ranar buɗewa aka yi jawabai, aka sha lemo. Ina kan keken ɗinki sai ga Mai Allo ya ratso layinmu da sauri, gumi sharkaf, dafe da cikinsa. Ashe sakatare ya tafi rakiyar baƙi da makullin banɗakin ofis a aljihu. Mai Allo ya tarar da Gwaggo a ƙofar banɗakin mata, leda a ƙafa, ƙazanta har idon sawu.

Ya ce, "Inna, don Allah taimaka. Ina wurin kewayawa?"

Na tsayar da keken. Ashe ya san kalmar. Tun ranar farko ya san ta.

Gwaggo ta dube shi daga kai har farin takalminsa. Ta ɗaga tsintsiya ta nuna masa sabuwar hanya.

"Ga shi can, ɗana, wanda ka gina mana. Je ka kewaya."

Ta ɗauki bokitinta ta koma ciki.