Hotunan Ungozomomi Talatin da Shida

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa na ƙuruciya, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma akwai wasu 'yan kwanaki na wata damina a farkon shekarun 1980 da suka ƙi gogewa, kuma na san ba zan manta da su ba muddin ina numfashi.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina aiki a shagon hoton mahaifina a Funtua. Baba ya koyi sana'ar a hannun 'yan mishan tun yana saurayi, ni kuma na koya a wurinsa, ba don ya yi niyyar koya mini ba, sai don na cika leƙe da tambaya. Mu Kirista ne, ina fita ba mai hana ni, ga shi ni mace ce, sai hakan ya zame wa shagon alheri. Gidan da namiji ba ya shiga, ni ina shiga. Matan kulle, masu jego, tsofaffin da ba sa yarda su tsaya gaban baƙon namiji, duk ni ake aikawa.

Wata rana aka kira mu wani ofishin lafiya. An yi wa ungozomomin ƙauyuka horo, an koya musu dafa reza da wanke hannu da gane naƙudar da ta fi ƙarfin gida, za a kuma ba kowacce takardar shaida da akwatin kayan aiki. Sai dai dole a manna hoton kowacce a fam ɗinta a kai Kaduna, don a lokacin can ce hedikwatar jiharmu, matan kuwa sun riga sun koma garuruwansu. Akawun ofishin, wani dogon mutum da ba ya amsa gaisuwa sai an haɗa da ranka ya daɗe, ya miƙo mini sunaye talatin da shida, ya ce hoton fasfo ake so, uku-uku. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Har gobe ina kan bakana, bai ambaci launin bayan hoton ba.

Mako uku na yi ina yawo, daga Tsiga zuwa Dandume, zuwa Mahuta, zuwa unguwannin da ko suna ba su da shi a takarda. Wani wurin a motar kasuwa, wani wurin a ƙasa, kyamara a cikin leda saboda ruwa. Na tafi da wani baƙin zanen rini na mahaifiyata, shi nake ratayawa a bayan mace, don bangon ƙasa da danga suna ɓata hoto. Yawancinsu ba a taɓa ɗaukarsu ba. Wata ta tambaye ni ko ana jin zafi. Wata ta sa na jira ta har ta yi wanka ta sa kwalli, ta ce takardar gwamnati ba za ta gan ta da ƙurar gona ba.

Ranar wata Laraba na kai hotunan ofis ina ta jin daɗin kaina. Akawun ya zazzage su a tebur, ya ture su da bayan biro.

"Wa ya ce ki sa baƙin baya? Fari ake so. Waɗannan ba su da amfani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka faɗa mini ba."

"Mai hoton kirki ba sai an faɗa masa ba."

Ya ce ranar Litinin da safe za a tafi da fama-faman. Zai kira wani mai hoto, namiji, ya zauna a ofis ranar Asabar, a aika wa matan saƙo. Wadda ta zo a ɗauke ta, wadda ba ta zo ba a cire sunanta sai wani jiƙon. Ni kuwa na taka hanyoyin nan da ƙafata. Na san waɗanda za su iya zuwa ba su wuce na bakin titi ba. Sauran, rafuka sun cika, aikin gona ya yi yawa, wasu ma ko saƙon ba zai same su ba. Na tattara hotunana ɗaya bayan ɗaya, na ce masa ranar Litinin zai ga hoto talatin da shida da farin baya. Ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya kai mu.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce in bar maganar, ba a jayayya da mutanen ofis. Na ce ai na taɓa ganinsa ya toshe bayan wani hoto da jan fenti a jikin nagetif, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga gare shi. Ya ce haka ne, amma guda ɗaya ne, kuma ya ci masa rabin yini. Talatin da shida a kwana uku hauka ne, ga Lahadi ba ma taɓa aiki. Ya ce zan lalata fim ɗin ne kawai in ƙara mana kunya. Na ce kunyar ta riga ta same mu, abin da ya rage shi ne matan. Ya dube ni ya ce, "Ke dai ba ki san inda ake tsayawa ba." Amma bai ɓoye mini gwangwanin fentin ba.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani, tunda yanzu jikata da ɗan yatsa ɗaya take canza bayan hotuna ɗari a waya tana cin gyaɗa. A jikin nagetif komai a juye yake. Wurin da yake baƙi a hoto, a nagetif garau yake, haske na wucewa. In ka shafe wurin da wani abu mai kauri, haske ba zai wuce ba, sai katin ya fito fari tas a wurin. Wahalar ita ce ka bi gefen mutum da buroshi, kafaɗa da wuya da kunne da ɗaurin kallabi, a fim ɗin da bai kai tafin hannu ba, ba tare da ka ci fuska ba.

Da safiyar Alhamis na samo kwali na huda shi, na ɗora gilashi a kan hujin, na sa madubin mahaifiyata a ƙasa yana turo hasken sama. Na zauna a ƙofar bayan shago, na rage gashin buroshi da almakashi har ya koma 'yan silli. Na farko na ci wa matar rabin kunne, na goge da auduga mai laima na sake. Na biyu ya fi. Ina gama na biyar, fentin ya ƙare. Dama abin da ya rage busasshen ɓawo ne a gindin gwangwani, kuma duk Funtua ba inda ake sayar da irinsa.

Na yi zaune ina kallon nagetif talatin da ɗaya. Can sai na tuna maƙwabcinmu, wani malamin allo da muke gaisawa kullum, da yadda tawadarsa ke kama allo baƙi ƙirin, kuma ruwa na wanke ta. Na je na durƙusa na gaishe shi, na roƙi tawada mai kauri. Ya tambaye ni me zan rubuta. Na ce ba rubutu zan yi ba, farar da hoto zan yi da ita. Ya ce shi dai bai taɓa jin an farar da abu da tawada ba, amma ya tashi da kansa ya ƙara mata ƙaro da baƙin tukunya, ya dama, ya tace da tsumma, ya ba ni a kurtu. Na gwada a wani tsohon fim, na ɗaga wa rana. Ko ƙyallin haske bai wuce ba.

Daga nan na canza tsari. Maimakon in gama ɗaya in ɗauki wani, sai na jera su duka. Da safe, lokacin da hannuna bai gaji ba kuma haske na da ƙarfi, sai in bi gefunan kawai, mace bayan mace. Da rana in cike sauran filin da babban buroshi. In hadari ya rufe rana sai in ajiye in jira. Laimar damina ta hana tawadar bushewa da wuri, ƙudaje kuma suka gano zaƙin ƙaro, har suka ɓata mini biyu kafin in yi dabarar kifa musu rariya. Wuyana ya sandare, idanuna suna ruwa. Masu zuwa karɓar hoto suna leƙowa suna tambayar Baba ko lafiya nake, shi kuma yana cewa su tambaye ni.

Baba bai sa hannu a aikin ba sai ranar Juma'a da hantsi. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗauki guda da ya bushe, ya ɗaga wa haske, ya shige ɗakin wankin hoto. Bayan ɗan lokaci ya fito da jiƙaƙƙen kati ya ajiye a gabana. Wata tsohuwar Tsiga ce, fuskarta tar, bayanta fari kamar alli.

"Akwai ɗan huji sama da kafaɗar hagu. Toshe shi, ki miƙo mini na gaba."

Tun daga wannan lokacin ni ina shafawa, shi yana wankewa.

Guda ɗaya ce ta gagare ni, wata tsohuwa ta Mahuta da ta lulluɓe kanta da baƙin mayafi. Mayafin da zanen bayan sun haɗe, babu inda za ka ce nan kanta ya ƙare. Baba ya ce in zana mata kai yadda na ga dama, ba wanda zai gane. Na ce ita za ta gane, kuma matar da ta karɓi haihuwar rabin gari ba zan ƙirƙira mata kai ba. Sai ya ce in nemo farin zanen gado, gobe da sassafe zai tayar da babur.

Hanyar Mahuta ranar Asabar ɗin nan taɓo ce zalla. Sau uku muna sauka muna tura babur, a wani rafi kuma ruwa ya kai mini gwiwa, na ɗora kyamara a ka. Muka tarar tsohuwar tana wani gida wurin mai naƙuda, muka zauna a zaure har aka ji kukan jariri. Ta fito tana share hannu, na ba ta labarin duka. Ta saurara, ta gyara mayafinta, ta tsaya gaban farin zanen, ta ce:

"Shi wannan akawun, a tambaye shi wa ya yanke masa cibi."

Baba ya yi dariya har da tari. Muka dawo bayan azahar, kafin magariba hotonta na rataye a igiya tare da sauran.

Ranar Litinin na riga akawun isa ofis. Na ji a bakin masinja cewa mata tara kacal suka zo ranar Asabar. Da akawun ya zauna, na jera masa hotunan a tebur, layi-layi. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani. Ya ce ba yadda za a yi in zagaye ƙauyukan nan a kwana uku, saboda haka coge na yi, kuma ofis ba ya karɓar coge. Na ce masa ban ɓoye ba, baya na shafe, fuska kuwa ko ɗigo ban taɓa ba. Farin baya ya nema, ga farin baya. Ya ce in kwashe in fita. Na ce ba zan kwashe ba sai wanda ya san matan ya duba.

Muryata ta ɗaga fiye da yadda na so, har Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar da ta yi wa matan horo, ta fito daga ofishinta. Ta ji ta bakinsa, ta ji ta bakina. Sai ta sa tabarau, ta ɗauki hotunan ɗaya-ɗaya, tana kiran sunan kowacce da garinta ba tare da ta dubi takarda ba. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ta ce masa waɗannan ɗalibanta ne, ya manna.

Ban zauna ba, ban kuma tafi ba. Na tsaya a gabansa har ya shafa wa na talatin da shida gam ya buga hatimi. Sannan na ce masa, "Ranka ya daɗe, a huta lafiya," na fita. Sai da na sha kwana na zauna a bakin wani shago na yi kuka mai isata.

Duk tsawon zaman mutumin nan a ofishin ba a sake ba shagonmu aiki ba. Baba bai taɓa yi mini gori a kai ba, ni ma ban taɓa cewa da na sani ba. Matan duka sun karɓi takardunsu da akwatunansu kafin kaka.

Abin da na koya kashi biyu ne, kuma ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ƙaramin shi ne, kafin in karɓi aiki sai na yi tambaya har mai aikin ya gaji da ni. Babban kuwa shi ne, duk lokacin da aka ce mini in haƙura, nakan fara duba wanda haƙurin nawa zai faɗa a kansa. In ni kaɗai ce zan yi asara, ba wuya in sunkuyar da kai in wuce. Amma in wasu ne da ba sa wurin, waɗanda ba za su ma san an yanke hukunci a kansu ba, to ba ni da ikon yin haƙuri a madadinsu.