Allurar Kwantar da Mayafin Inna

Zongo, kafin asuba

Ladanin unguwarmu bai kai ga kiran farko ba muka fito da mota daga gida. Mu uku ne: ni, da maigidana Alhaji, mai sayar da albasa a kasuwar Dantokpa, da mahaifiyata, Inna. Faraku muka nufa, kilomita ɗari huɗu da wani abu daga Kwatano. Ana gobe za mu tashi ne wani direban tirela da ya sauko daga Nijar ya zo har ƙofar gida da saƙo, cewa Kawu Idi ya tsallako iyaka, yana gidan danginmu a Faraku, amma yana kwance ba ya iya tashi.

Kawu Idi ƙanen Inna ne, ita ta goya shi. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko. A zamanin jam'iyya ɗaya ya faɗi abin da ba a faɗa a gaban mutane, dole ya bar ƙasa. Ina budurwa ya tafi, yanzu 'ya'yana huɗu. Tun da aka yi taron ƙasa aka ce waɗanda suka gudu su dawo, Inna ke zuba ido kan hanya.

Sai in gabatar muku da motar, don ita ce ta huɗunmu. Ƙirar Jamus ce, Alhaji ya saye ta cikin tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Ba kujerunta ne suka tafi da hankalinsa ba, ba fentinta ba. Agogon gudunta ne, wanda muke ce wa kwantar, 'yan Najeriya su ce maleji. Lambar ƙarshe a jikinsa ɗari biyu da sittin. Duk baƙon da ya zo yi mana murna sai Alhaji ya sa shi ya leƙa ya karanta da bakinsa. Ita kuwa motar, tun da aka saye ta ba ta san ko'ina ba sai tsakanin Zongo da Dantokpa, tana rarrafe cikin 'yan zemijan masu babur ɗin haya, allurarta a kwance kamar mai jin barci.

Alada

A Alada muka yi sallar asuba, mata masu abarba na jera kayansu a bakin titi. Da muka koma mota gari ya fara wayewa, Inna, wadda ke zaune bayana, ta sami damar hango kwantar ta tsakanin kujeru. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa ni a kafaɗa.

"Asabe, tambayi mijinki ko motar ba ta da lafiya."

Shekara da shekaru da aurenmu, Inna ba ta taɓa yi wa Alhaji magana kai tsaye ba, shi ma haka. Ni ce hanyar, ko da suna zaune kamu ɗaya tsakani. Alhaji ya ce in gaya wa Inna lafiyar mota ƙalau, tamanin muke yi. Na juya na isar. Inna ta ce in gaya masa ita ba ta yi lakwal ba, amma gashin kanta a gaban mota ya yi fari.

Gaskiyarta kuwa. Marigayi Babanmu yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya mai rufin tamfol, wadda muke ce wa bashe, da ita suke zuwa arewa sayen hatsi. Kwantar ɗinta a ɗari da sittin ya ƙare, saboda haka in allura ta miƙe tsaye a tsakiya, tamanin ke nan, kuma nan Baba ke riƙe ta. Inna ba ta san lamba ba, tsayuwar allura ta sani. In ta tsaya cak, ana tafiya. In ta karkata dama, a yi wa direba faɗa. In ta kwanta hagu, ana wasa da mutane. A motar Alhaji kuwa tamanin tana can gefen hagu, tsakiya ɗari da talatin ce. Na yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita. Ta ce allura allura ce, ko ta Bature ce.

Bohikon

Muna shiga Bohikon wani jandarma, irin 'yan sandan da ke tsaron hanya, ya ɗaga hannu. Ya tambayi Alhaji nawa yake gudu a cikin gari, Alhaji ya ce hamsin. Ni na ga allurar, ta haura saba'in, amma na san ba ƙarya ya yi da gangan ba. Don a sami wurin rubuta ɗari biyu da sittin, an matse lambobin sun zama ƙanana kamar ƙwayar gero, tsakanin arba'in da tamanin bai fi faɗin yatsa biyu ba. Alhaji kuma yana da tabarau da likita ya ba shi, amma ya ce na tsofaffi ne, yana can shago cikin buhunan albasa.

Jandarman ya zura kai ya dubi kwantar, ya yi fito, ya tambaya da Faransanci ko Makka za mu ta ƙasa. Ya ce yau gargaɗi kawai zai yi mana, a dinga rage gudu a ƙauyuka saboda yara. Da muka wuce Alhaji ya ce ga amfanin dimokuraɗiyya, har jandarma na yi wa mutum dariya. Inna ta tambaye ni abin da mai hular ya ce. Na ce ya ce muna gudu da yawa. Ta yi tsaki, ta ce mun haɗa baki da shi.

Daga nan aiki ya ƙaru mini. Duk ƙauyen da muka tunkara in leƙa in karanta wa Alhaji lamba, ya rage. Yana ragewa Inna ta taɓa ni a kafaɗa. Rediyo na ta kawo sanarwar sababbin jam'iyyu, kowa da abin da zai yi wa ƙasa. Alhaji ya ce in gaya wa Inna yanzu zamanin ƙuri'a ne, mu biyu mun rinjaye ta. Ta ce in gaya masa ita ta haifi rabin masu ƙuri'ar tasa.

Dasa

Da hantsi muka tsaya a Dasa, gindin duwatsu, wurin wata mai abinci 'yar garin Jugu. Shinkafa da wake ce da miyar kifi, da zafinta. Alhaji ya ɗauki faranti ya koma bayan rumfa, don ba ya ci a gaban surukarsa. Inna ta yi loma biyu ta ture. Na ce ta daure ta ƙara, sai ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ranar da Kawu zai gudu, ya aiko a kira ta daga kasuwa. Ta tsaya sallamar wata mai ciniki, ta ce ai ba wani abin gaggawa ba ne. Da ta iso gida tabarmar da ya zauna a kai ba ta huce ba, amma shi ya tafi.

"Na makara sau ɗaya," in ji ta. "Ba na son na biyu."

Rumfar ta zana ce. Da Alhaji ya fito wanke hannu na ga a fuskarsa cewa ya ji komai.

Bayan Sabe

Da muka bar duwatsun Sabe a baya, hanya ta miƙe, kwalta sabuwa, ba mota a gaba. Alhaji ya taka mota, sai na ji bayana ya manne da kujera. Na leƙa. Ɗari. Na faɗa da ƙarfi, bai rage ba. Ɗari da goma. Ɗari da ashirin. Allura ta taso tana neman tsayawa. Abin da ya fi ba ni tsoro, motar ba ta nuna komai ba. Bashen Baba in ta kai tamanin kowace ƙusa a jikinta sai ta yi kuka. Wannan kuwa gilasai a rufe, na'urar sanyi na busawa, shiru kamar muna zaune a ɗaki.

Inna ta gyara zama, ta ce yanzu aka fara tafiya. Don jin daɗi ta ɓare goro ta tauna. Can ta so ta zubar da tuƙa, ta laluba abin murɗa gilashi ba ta samu ba, sai ta danna maɓallin da ke jikin ƙofa. Gilashi ya sauka gaba ɗaya. Iskar da ta shigo ban taɓa jin irinta ba. Ta fizge mayafin Inna, ta haɗa da kallabi, ta yi waje da su. Inna ta dafe kai da hannu biyu tana salati.

Alhaji ya taka birki. Mota ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, kafin ta yarda ta tsaya. Ya fita bai waiwayi kujerar baya ba, ya kama hanya a ƙasa. Na cire mayafina na rufe wa Inna kai. Muka juya muna kallonsa ta gilashin baya, yana tafiya yana ƙanƙancewa, har farar rigarsa ta koma kamar balbela, bai kai wurin ba tukuna. Inna ta tambaye ni a hankali, duk wannan nisan tun daga faɗuwar mayafi ne? Na ce shi ne.

Muna nan zaune sai ga garken shanu ya ɓullo daga ciyawa, kaɗan gaba da inda muka tsaya, daidai wata kwana. Suka cika titi, suna tsallakawa ba gaggawa, Bafulatani na biye da sanda a wuya. Ni da Inna muka kalle su har ta ƙarshe ta wuce. Da mayafin nan bai tashi ba, da cikinsu muka afka.

Alhaji ya dawo gumi sharkaf, da mayafi da kallabi a ninke, ƙaya ta ɗan yagi bakin mayafin. Ya miƙo mini, kansa a ƙasa. Inna ta ɗaura kallabinta. Ina jira ta taɓa ni a kafaɗa, sai na ji ta ce:

"Alhaji, Allah ya yi maka albarka. Ka kai ni wurin ɗan'uwana da raina."

Alhaji ya ce, "To, Inna." Ya kawar da kai, kunnensa kaɗai nake gani, amma na san da ƙasa za ta tsage da ya shige. Daga nan har Faraku allura na kwance a hagu, ba wanda ya tanka mata.

Faraku

Bayan azahar muka isa. Mun tarar an fito da Kawu tsakar gida, an jingina shi da matashi a gindin mangwaro. Zazzaɓi ne da tari suka kayar da shi a hanya, likita ya gan shi, ya fara samun sauƙi. Ya rame, kansa fari fat, sai tabarau ɗin nan nasa na malamai da na sani tun ina yarinya. Inna ta tsaya a kansa tana kallonsa. Abin da ta fara cewa shi ne, su a Nijar ba a cin abinci ne? Ya ce, "Yaya, ai naki nake jira." Sai ta zauna a ƙasa ta kama ƙafarsa, kuka ya ƙwace mata. Muka ba su wuri.

Mun yi 'yan kwanaki a gidan, har Kawu ya fara zagaya tsakar gida da sanda. Matan gida suka yi ta ɗura mana sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulanin can. Alhaji kuma ya sami sababbin mutanen da zai nuna wa kwantar, sai dai na lura yanzu in an tambaye shi ko ya taɓa kai ta ƙarshe, yakan ce hanyoyinmu ba su dace ba.

Komawa

Kawu muka sa a gaba, ni da Inna a baya. Ya roƙi a tafi a hankali, yana so ya ga ƙasa. Inna ta ce a hankali za a tafi, kamar dama can ita ce mai wannan ra'ayi. Aikin karanta lamba ya koma hannun Kawu, ya kuwa yi shi irin na malamai, da bayani. Ya ce a ƙasar da aka ƙera motar akwai hanyoyin da ake sakin gudu, ga shi masu saye na son ganin babbar lamba, shi ya sa aka cika agogon, alhali abin da mutum ke buƙata kullum bai kai rabinsa ba. Da rediyo ya kawo jawabin wani ɗan takara, Kawu ya nuna kwantar ya ce ga ɗan'uwansa nan, alkawari ɗari biyu da sittin, tafiya sittin. A Dasa ya ara wa Alhaji tabarau ya gwada. Alhaji ya duba, ya cire, ya sake sawa, ya ce ashe har da 'yan layuka a tsakanin lambobin.

Kawu bai runtsa ba duk hanya. Yana ta tambaya, yaushe aka yi wannan gada, ina itacen da ke nan da. Da la'asar muka shigo Kwatano. Da muka kai bakin layinmu na Zongo, ya ce a tsaya. Ya ce da ƙafa ya fita unguwar nan, da ƙafa zai shiga. Inna ta sauka ta kama masa hannu. Mai shayin kan kwana ne ya fara gane shi, ya saki ludayi ya taho. Sai tela, sai tsofaffin ɗalibansa da suka zama magidanta, sai mata daga cikin gidaje, wasu na guɗa wasu na share hawaye. Mu kuma muna biye a mota, taku ɗaya ɗaya, allura ko motsi ba ta yi, har ƙofar gida.

Alhaji ya kashe mota, ya zauna yana kallon Inna da ƙanenta suna shiga zaure. Muna godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu huɗu, da 'yan'uwa na Faraku da suka yi jinyar Kawu, da direban tirelar da ya kawo saƙo bai tsaya ko shan ruwa ba.