Sigina da Dokokinsa Ɗari da Tamanin da Shida

Yayana ba ya yarda a ci shi a wasa, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. In ya ga an kusa kayar da shi sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata, akwai doka. In aka ce masa babu ita a littafi, ya ce to a rubuta. Ni ce mai rubutawa, don ni kaɗai na gama sakandare a gidanmu, kuma rubutuna yana karantuwa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin sigina na tashar jirgin ƙasa, shi ya sa kowa ke kiransa Sigina, har matarsa. Ɗakin a sama yake, ana hawa da tsanin ƙarfe. A ciki akwai ƙarafa goma sha takwas a jere da ake ja don buɗe hanya ko rufe ta, da ƙararrawa, da agogon bango. Tsakanin jirgi da jirgi wani lokaci sai a yi awa uku babu abin yi. A wannan zaman ne ya ƙirƙiro wasan.

Ya samo falankin katako mai faɗin ƙofa, ya zana masa layukan dogo da tashoshi arba'in da fenti. Jiragen marafan kwalba ne, kowa da launinsa, ana jefa ƙwayar lido a matsa. Wanda ya fara kai jiragensa uku tashar ƙarshe shi ya ci. Inda layi ya zama ɗaya tilo ba ka shiga sai kana riƙe da tsinken ashana, kamar yadda direban gaske ba ya shiga irin wannan layin sai an miƙa masa sandar hanya. Da farko dokokin goma sha biyu ne, a bayan takardar kalanda.

Abokan wasansa uku ne: tela, da mai kemis, da wani tsohon direban jirgi da suke kira Birki. Duk Asabar bayan abincin rana suna barandar gidansa. Sun yarda da ƙare-ƙaren dokarsa bisa sharaɗi ɗaya. Duk dokar da ya kawo a rubuta ta da kwanan wata, kuma wanda ta cuta yana da damar kawo tasa Asabar mai zuwa. Doka ta arba'in ta ce jirgin da ke kan gada ba a tare shi. Ranar da na rubuta ta, jirgin Yaya ne a kan gada. Ta arba'in da ɗaya ta tela ce, ta ce ana tare shi idan mai jirgin ya tashi shan ruwa. Daga ranar Yaya ya riƙa zama da gora a ƙarƙashin kujera.

Lokacin da ya yi ritaya littattafan sun zama huɗu, dokoki ɗari da tamanin da shida. Wasa ɗaya yana cin Asabar uku, a rufe falankin da tsohon zanen gado, matarsa tana mita an tare mata wurin shanya. In doka biyu suka yi karo shi ke yanke hukunci, don shi kaɗai ya haddace su.

Shekara biyu da suka wuce idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ta lalace, tabarau ba zai yi komai ba. Ya daina bambanta koren marfi da shuɗi, ya fara matsar da jiragen mutane yana rantsuwa nasa ne. Mai kemis ya fara fashin Asabar, wai shago ya yi masa yawa. Wata rana ina tattara littattafan Yaya ya ce mini ba makantar ce ke damunsa ba, abin da yake tsoro shi ne a bar shi a baranda shi da katako.

'Yarsa ta biyu, wadda muke kira Injiniya, aikinta ke nan rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani. Ita ta ce za ta zuba wasan a waya. Wayar za ta riƙe dokokin, ta ƙara wa jiragen girma yadda zai gan su, shi nasa kawai ya zaɓi inda zai matsa. Ta ɗauki hoton littattafan shafi-shafi. Bayan wata uku ta dawo da takarda mai ɗauke da wurare ashirin da tara inda dokokin ke ƙaryata juna.

Ranar Talata ta tambaye shi, doka ta sha huɗu ta ce mai tsinken ashana ke wucewa, ta ɗari da uku ta ce jirgin da ya fi daɗewa a tsaye ne, wacce ke gaba? Ya ce ta sha huɗu. Ranar Alhamis ta sake yi masa tambayar kamar ta manta, ya ce ta ɗari da uku. Ta kunna masa muryarsa ta ranar Talata. Ko a jikinsa.

"Ya danganta da wa ke riƙe da tsinken," in ji shi.

"Baba, waya ba ta san ya danganta ba."

"To ki koya mata. Ba ke ce injiniya ba?"

Ta juyo gare ni. "Gwaggo, ke fa? Shekara talatin kina wurin."

Na ce mata ni rubutu na yi, ban yi alƙalanci ba.

Ƙarshe ta yanke da kanta. Ta zubar da dokoki goma sha ɗaya irin ta shan ruwa, don waya ba ta ganin wanda ya tashi. Sauran kuma ta ce in biyu suka yi karo, wadda aka rubuta daga baya ita ke da rinjaye. Yaya ya ce haka ake yi ko a wurin aiki, sabuwar takarda tana soke tsohuwa. Abin da bai tuna ba shi ne, dokar ramuwa ta abokansa kullum mako ɗaya take zuwa bayan tasa. Ni na tuna, tunda ni na sa kwanan watan.

Wasan farko a waya minti arba'in ya ɗauka. Tela ya ci, mutumin da cinsa bai wuce biyar ba a shekara talatin. Ya dubi wayar ya dubi Yaya ya ce ashe shi gwani ne tuntuni, zaluntarsa ake yi. Yaya ya so ya yi gardama, amma babu wanda zai yi da shi. Wayar ba ta bayani, in motsi bai halatta ba sai kawai jirgin ya ƙi tafiya. Ƙarin girman da aka yi wa jiragen ma bai amfane shi ba. Hasken gilashin yana sa masa hawaye, yatsansa yana sauka a tashar da ba ita yake nufi ba.

Cikin wata ɗaya su ukun suka gane ba sai sun zo ba. Tela yana yi tsakanin ɗinki da ɗinki, mai kemis a bayan kanta, Birki a kwance a ɗakinsa. Masu kawo ɗinki suka gani suka ce a tura musu. Injiniya ta ce wa ubanta mutum ɗari uku da wani abu ke wasansa yanzu. Ya sa ta maimaita adadin sau biyu. Ina jin ya ji daɗi. Asabar huɗu a jere ba wanda ya taka barandar, matarsa ta jingine falankin a bayan kabad ta samu wurin shanyarta.

A Asabar ta biyar ya aike ni in kira masa su. Suka zo suna sunkuyar da kai, don sun ɗauka cewa zai yi a koma katako. Birki har ya shirya maganar ciwon baya. Yaya ya bar su suka gama gaisuwa, ya tambayi kowa iyalinsa, sannan ya ce:

"Ku ci gaba da yi a wayarku, ban hana ku ba. Amma duk Asabar ɗayanku ya zo ya zauna nan kusa da ni, ya faɗa mini inda kowane jirgi yake, ya danna abin da na ce ko da ya ga kuskure ne. Ku yi bi da bi. Kada dai tela ya fara, a ba shi lokaci bakinsa ya huce."