Baba Mai Juya Duwatsu Ya Ajiye Aiki

Kowace Talata, kafin rana ta yi zafi, zai zura takalman roba masu kaiwa gwiwa, ya rataya jakar kwalabe, ya gangara rafi. Sai ya ɗaga dutse, ya ƙirga ƙananan ƙwarin da ke manne a ƙarƙashinsa, ya rubuta a littafi, ya mayar da dutsen yadda ya same shi. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki wa ofishin kula da ruwa. Mata masu wanki suka sa masa Baba Mai Juya Duwatsu, har suna tausaya wa iyalinsa.

"Baba, yau ma ba a tsinci zinariyar ba?"

"Ku dai yi addu'a kada ƙwarin nan su ƙare," in ji shi. "Ranar da suka ƙare, ruwan ya lalace."

Suka kuwa fara ƙarewa, alhali ruwan da yake kaiwa gwaji lafiya lau yake fitowa. Abin ya ɗaure masa kai, sai wata mai wanki ta nuna masa hannayenta duk ƙuraje, ta ce kowace Laraba ruwan yakan canza launi. Ashe majemar fata da ke sama da unguwar ta haddace ranar zuwansa, sai ya juya baya suke sakin dattinsu. Ya je ranar Laraba, ya ciko kwalba da baƙin ruwa mai ɗoyi, ya dire ta a teburin shugabansa.

"Baba, wa ya ce ka canza rana?"

"Yallaɓai, yara na shan ruwan nan."

"Takarda Talata ta ce."

Aka mayar da shi ɗakin wanke kwalabe, rahotonsa ya shige durowa. Da ƙafarsa ya bi gida gida yana roƙon iyaye su hana yara rafin.

Watan jiya ya yi ritaya. A taron sallamarsa aka ba shi agogon bango, mai jawabin ma ya kira shi direba. Littattafansa ashirin da bakwai kuwa aka jibge su inda rufi ke yoyo, sai da matarsa ta je ta kwaso su a baho. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Kai ne ka tsaya wa rafin da ba shi da bakin kai ƙara. Kai ne ka fi damuwa da cikin yaranmu a kan kujerarka. Mun gode, Baba, Allah Ya saka maka, tunda mu mun kasa. Ku da kuka gaje shi, ku riƙa zuwa ranar da ba a sa ran ganinku.

Talatar da ta wuce an gan shi a rafin, ba wanda ya aike shi. Ya ɗaga dutse ya daɗe yana dubawa, ya rubuta "babu" a littafinsa, ya mayar da dutsen yadda ya same shi.