Ina Maƙerar Kakana Take a Abuja?

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne kakana, Malam Iro maƙeri, kuma har yau na kasa nuna wa kowa inda ya yi sana'arsa a Abuja. Abin yana ci mini rai, wallahi. A garin nan nake zaune, a nan nake aikin gwamnati, na san lungunan Gwarinpa kamar yunwar cikina, amma wurin da bawan Allahn nan ya ƙarar da ƙarfinsa ya gagare ni.

Tun ana sharar dajin da ya zama Abuja yake zuwa ci-rani daga ƙauyenmu. Leburori ke kawo masa diga da gatarin da suka dakushe, ya hura wuta, ya gyara musu baki. Damina na faɗuwa ya koma gona. Duk shekara sai ya ce wa kakata, Iya Talle, ta zo ta ga maƙerar, ita kuwa ta ce sai baɗi. Haka aka yi ta baɗi har tsufa ya zaunar da shi. A ciwon ajalinsa ya yi mata gori a kai, ta ɗaukar masa alkawari cewa ko bayan ransa za ta je ta tsaya a wurin ta yi masa addu'a.

Bana aka kawo ta Abuja ganin likitan ido, kuma bai ɓoye mana ba, ganin nata tafiya yake yi. Tana sauka gidana a Dutse Alhaji ta ce, "Maigidana, sai ka kai ni." Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe allura ce cikin ruwa.

Kwatancen da ya bar mata shi ne: gindin ɗorawa, dutse a bayanka, rafi a gabanka. A Abuja fa! Ina ne babu dutse? Ɗorawa kuwa tuni aka yi girki da ita, rafukan an binne su ƙarƙashin kwalbati.

Na nufi Dei-Dei wajen tsofaffin masu harkar ƙarfe, ina tambayar Malam Iro. Wani dattijo ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yaro, wa ke zuwa ci-rani da sunansa na yanka? Nan sai Ɗan Gumel, sai Dogo, sai Na-Allah. Da wane suna muke kiransa?" Ni kuwa ban san laƙabinsa ba. A gida babu wanda ya taɓa tambaya, don wa zai dubi babba ya ce masa me abokanka ke ce maka? Iya ma da ko sunansa na gaskiya ba ta taɓa kamawa ba, ina za ta san laƙabi? Hoto kuwa bai yarda an ɗauke shi ba.

Da na siffanta shi, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce wurin yana ƙarƙashin wani shataletale. Wancan ya rantse yana cikin wani rukunin gidaje a Gwarinpa. Wani ya ce a'a, wancan maƙerin Bazazzagi ne, mai gemu. Na baro su suna musu, rashin sani ya fi dare duhu.

Nakan tambayi kaina, da Malam zai dawo yau, me zai ce? A zamaninsa Iya kan ƙulla kuka da daddawa ta ba direban babbar mota, ta ce a kai wa maƙeri, kuma saƙo ya isa. Yau ina jin shi kansa ɓacewa zai yi, ya tsaya bakin titin da aka haƙa da digar da ya wasa, ana yi masa ham ya kauce.

Ana gobe Iya za ta koma, na ɗauke ta muka tafi rukunin gidajen nan. Mai gadi ya tare mu. "Oga, wane gida? Sai mai gida ya kira waya." Na ce tsohuwar maƙera muke nema. Ya ce, "Babu welda a nan. Mama ya zauna a mota, a juya." Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya, sai Iya ta dafa hannuna.

"Nan ne?"

Da a ce na ce mata e, da shi ke nan. Ko ƙofar ba ta gani sosai. Amma alkawari ne tsakaninta da mamaci, ban isa in yi musu ƙarya su biyu ba. Na ce, "Iya, ban sani ba."

Ta ce, "To, ban cika ba ke nan. Juya mu tafi."

Abokaina na cewa in yi haƙuri, ai aikinsa na nan cikin kowane titi, addu'a kuma daga ko'ina tana isa. Na sani, kuma muna yi masa, Allah ya jiƙansa. Amma wannan bai sauke wa Iya nauyinta ba. Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Ta ce ba komai, ai tsayuwa ta yi alkawari, kuma ƙafarta na nan. Duk Juma'a in na kira gida aka miƙa mata waya, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "An samu?"