Darar Yaya Ta Ƙi Shiga Waya

Yayana da girmansa ya makance, bayan ya daɗe yana koyarwa a firamare a Kebbe. Barin aikin bai ci masa rai ba kamar barin dara. Shi ne gwanin dandalinsu, irin mai cinye mutum yana yi masa dariya. Da ido ya tafi abokansa ba su yar da shi ba, sai dai sun fara raga masa, wani ma har ya kama hannunsa ya kai masa gurbi. Da ya gane, sai ya daina fita.

Ni ina buga takardu a wani ofis a Tambuwal, kuma karambani ya sa na ɗan koyi rubuta manhaja. Da wannan ɗan sanin na haɗa masa dara a wata tsohuwar kwamfutar cinya. Dabarar ba wata babba ba ce: layi biyar na maɓallai, shida a kowane layi, kowane maɓalli gurbi guda. In ya danna, muryata da na naɗa ta gaya masa abin da ke ciki: naka, nata, ba kowa. Kwamfuta kuwa ba ta san tausayi ba. Ta lallasa shi, ya lallasa ta, yana yi mata tsiya kamar yadda yake yi wa mutane. Tun daga nan ya sa mini suna Injiniya.

Sai kwamfutar ta mutu. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce in yi haƙuri ta ƙone. Sayen wata kuwa ba ya cikin lissafin ƙaramin ma'aikaci irina. Amma wasan yana nan a ajiye a wurina, Yaya kuma yana da wayar shafa mai magana da 'yarsa ta ba shi. Ya ce in juye masa darar a ciki. Ni da bakina na ce abu ne mai sauƙi.

Ashe kowace na'ura da irin manhajar da ke jan ragamarta, kuma ta waya ba ta jin yaren ta kwamfuta. Duk inda na rubuta a kira murya ko a saurari maɓalli, waya ba ta san zancen ba. Na sake rubuta komai daga tushe, ina koyo ina ɓatawa. Wannan duk mai sauƙi ne in aka kwatanta da matsalar gilashin fuskar wayar. Gilashi ba shi da gurbi. Yatsa ya sauka, babu tudu babu kwari, sumul kamar bayan faranti.

Ga kuma matar cikin wayar, mai karanta wa makafi abin da ke fuskarta, wadda Yaya ke kira Baturiya. Kafin taɓi ya isa ga darata, ita ke fara cafke shi. Ta yi magana, muryata ta yi magana, mu biyu a kan juna kamar masu faɗa a bakin rijiya. In na kashe ta, wasa ya tafi daidai, amma Yaya ba zai iya ko fita daga cikinsa ya amsa kira ba. In na bar mata aikin duka, sai ta karanta Hausa da hanci, "ci" ya koma "sai". Na jona wa wayar allon maɓallai da igiya, layin sama ya ƙi zama gurabe, ya koma ƙara murya da ragewa. Haushi ya sa na kusa buga wayar da bango, sai na tuna ba tawa ba ce.

Duk da haka ranar wata Asabar na hau mashin na kai masa abin da na iya. Ya karɓa da murna, ya gyara zama, ya fara shafa. Yatsansa ya zame ya kai ɗan dara inda bai nufa ba. Ya sake, ya sake zamewa. Ban san lokacin da na kama hannunsa na kai masa gurbin ba.

Ya tsaya cak, ya zare hannunsa a hankali.

"Injiniya, har da kai?"

Na ce ya yi haƙuri, zan koma in gyara. Ni kaina ban san abin da zan gyara ba, kuma na tabbata ya ji hakan a muryata.

"Wagga ba dara ta ba, Baturiya taka wasan," in ji shi. "Ina tsohuwat? Maido man abina."

Na ce ai ta mutu, ko fitila ba ta kawowa. Ya ce ya sani.

Na kai masa ita mako na gaba. Da na sake zuwa, tun daga zaure na jiyo ƙas, ƙas, ƙas. Yana zaune a tabarma da matacciyar kwamfutar a cinya, yana danna maɓallai, yana faɗa wa kansa naka, nata, ba kowa, yana buga nasa yana buga nata. Na daɗe tsaye da sabon gyaran a aljihuna kafin na yi sallama. Na tambaye shi wa ke ci, ya ce tun da safe ita take cinsa.