Tsohon Ruwa da Tsohon Ladabi

Lokacin zafi ne, irin zafin Doha da idan ka buɗe ƙofa tabarau ɗinka zai riga ka yin gumi. Shekarar nan ji na yi kamar an sa ni a firji, an ɗora firjin a kan murhu. Jegon surukata ya kawo ni unguwar Al Wukair, da niyyar wata uku, sai na tarar ɗana na fari ya shiga karatun mutanen Sin.

Injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Lusail, ogansa kuma ɗan Sin ne. Kowace Alhamis suna shan shayi mara sukari a wasu 'yan kofuna kamar murfin kwalba. A can ya kwaso abin, ya sayi littattafai, ya kawo mana gida.

Ya ce tsofaffi biyu ne. Ya sha faɗin sunayensu, ni dai na raɗa musu nawa. Akwai tsohon ladabi, wanda ya ce duniya tana zama lafiya ne idan kowa ya san matsayinsa: ɗa ya bi iyaye, ƙane ya girmama wa, wa ya tausaya wa ƙane, shugaba ya fara gyara kansa. Akwai kuma tsohon ruwa, wanda ya ce kada ka matsa wa abu, ka daina fafutuka, ka zama kamar ruwa mai neman gangare, abin da zai yiwu zai yiwu da kansa. Na ce a raina, na farkon ai malamin Islamiyyarmu ne, na biyun kuwa marigayi babansu ne idan an ce ya gyara rufin ɗaki kafin damina.

A raina na faɗa, don ba na magana da shi kai tsaye. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi ido da ido. Shekara talatin da takwas sunansa bai taɓa fitowa daga bakina ba. A ajin yaƙi da jahilci, ranar da malama ta ce kowacce ta rubuta sunayen 'ya'yanta, layin farko na bar shi fayau. Idan ina da saƙo, matarsa nake ba, ko in dubi jaririyar in ce ta gaya wa babanta. Ya san haka sarai. Shi ya sa yake jin daɗin cewa a ƙasar Sin umarnin uwa ba ya kwana, Inna ta faɗa kawai a yi. Ya san Inna ba za ta faɗa ba.

Autana ma yana Doha, yana gadi a wani otal a Lusail. Kwangilar kamfaninsu ta ƙare, aka ce duk wanda bai samu sabon kafil mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar ba kafin ƙarshen wata, sai jirgi. Yana da mata da 'ya'ya biyu a gida. Kamfanin yayansa kuwa na neman masu gadi, surukata ta gani da idonta a takardar da ya bari kan tebur. Kalma ɗaya ake buƙata, a wurin shayin Alhamis.

Wata Juma'a Auta ya zo, waya a kunnensa, ya gaida yayansa daga tsaye. Rabin awa aka yi ana masa wa'azin tsohon ladabi: yadda ƙasa ke lalacewa daga ƙane ɗaya da ya ƙi durƙusawa. Auta ya durƙusa, ya ba da haƙuri. Tunda yana ƙasan, sai ya kawo maganar aikin. Ina kallo babban ya jingina da kujera, ya lumshe ido, ya narke ya zama ruwa.

"Kai matsalarka gaggawa," in ji shi. "Abin da aka matsa wa karyewa yake. Ka bar shi ya bi hanyarsa."

"Yaya, hanyarsa filin jirgi ce."

Na ɗaga jaririyar na ce mata ta tambayi babanta ko ruwan nan nasa yana da ranar da zai gangara Lusail. Ya yi dariya har da tafi, ya ce wa matarsa ta ji, Inna ma ta fara gane falsafa.

Na kuwa gane. Idan abinci ya makara, tsohon ladabi ne ke gidan. Idan surukata ta ce na'urar sanyaya ɗakin jaririyar tana ɗigar ruwa, tsohon ruwa ne, har ma ya samu misali. Ranar da wani ya goge masa mota a wurin ajiye motoci, duk tsofaffin biyu aka bar su a gida, cikin minti goma yana gaban 'yan sanda.

Juma'ar da ta biyo baya ɗana ya gayyaci ogan cin abincin rana. Muka yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Auta ya zo tun hantsi, shi ke kai kwanuka. Ogan ɗan gajere ne mai yawan dariya. Ya sunkuya mini, ya miƙo kwandon 'ya'yan itace da hannu biyu, ya ƙi taɓa tuwo sai da na fara. Surukata tana gefena, tana raɗa mini abin da ake faɗa da Turanci.

Ɗana ya ɗauko maganar tsofaffin, yana satar kallona. Ogan ya yi dariya ya ce shi tun makaranta rabonsa da littattafan nan, hadda aka sa su, ya manta rabi. Abin da ya sani shi ne mahaifiyarsa na kiransa kowace safiya ta tambaya ko ya samar wa ɗan ƙanwarta wuri. Ya ce ya riga ya kawo huɗu daga ƙauyensu, idan bai kawo na biyar ba, ba shi da fuskar zuwa gida hutu.

Daidai nan Auta ya sunkuya yana zuba masa ruwa. Ogan ya nuna shi, ya tambayi ko wane ne. Ɗana ya amsa da sauri. Surukata ba ta raɗa mini wannan ba, ta kafa wa farantinta ido. Auta yana jin Turanci. Ya ajiye jug ɗin a hankali, ya ce yana da aikin yamma. Da zai fita sai da ya durƙusa wa yayansa, kamar yadda aka koya masa.

A kicin na tambaye ta. Ta yi ta wanke cokali ɗaya har sau uku kafin ta ce, "Inna, cewa ya yi wani ɗan garinmu ne da ke taimaka mana."

Saura kwana shida wata ya ƙare. Na zauna da jaririyar bayan la'asar ina tunani. Ni ban karanta tsohon ruwa ba, amma na fi shekara hamsin ina yin abin da ya ce. Na yi shiru a gidan miji, na yi shiru a gaban surukai, na kewaye kowa ban ture kowa ba, ana ta yabon haƙurina. Ga shi har na haifi wanda ya ɗauki shirun nawa ya yi matashin kai da shi. Na roƙi surukata ta rubuta mini yadda ake cewa ƙanena ne da Turanci, da manyan baƙaƙe. Na yi ta maimaitawa a hankali, kamar a aji.

Washegari Asabar, ranar aiki ce a wurinsu. Bayan asuba na sa hijabina, na ɗauki jakata, na tsaya a bakin ƙofa da makullin motar ɗana a hannuna. Da ya fito yana ɗaura agogo, na kira sunansa. Cokali ya faɗi a kicin. Ya waiwaya bayansa, ko akwai wani mai sunan.

"Za ka kai ni Lusail," na ce. "Za ka gaya wa mutumin nan da bakinka cewa ƙanenka ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga kalmar nan a takarda, idan ka faɗi wata zan sani."

"Inna, ai irin wannan abu barinsa ake yi ya..."

"Yau ranar tsohon ladabi ce."

Na miƙa masa makullin, na riga shi zuwa motar, na zauna a gaba na ja bel.